Rigar Ƙarfe

Shekara huɗu ƙashin motar nan yana tsirara
a bayan gidanmu na Ƙofar Marusa,
bisa bulo, ƙarƙashin darbejiya.
Kaji sun mai da shi masauki.

Ni da Yaya Gide muka ƙera shi
da bututun famfo da ƙarfen tsohon gado,
injin kuwa na wata Fijo ne
da ta ƙare kwananta a hanyar Jibiya.
Rigarsa ta farko kwanon rufi ce.
Damina biyu suka cinye ta.
Ta uku ta tafi da Gide.

Ran Laraba na shiga wajen 'yan gwangwan,
na taya wani bodi shuɗi mai ƙofa biyu,
ba gilashi, ba kujera, sai warin ɓera.
Aka turo shi a kura,
yara na biye suna tambayar ina tayoyinsa.

Mu shida muka ɗaga.
Shitu mai walda na tsaye yana ihu:
"Hagu kaɗan! Sauke! A'a, ɗaga!"
Ya zauna kamar hular aro,
gaba ya kama, baya na kallon sama.

Ramukan noti takwas ne.
Biyar sun ga juna, sun gaisa,
uku suka kau da kai.
Barira, ɗiyar Gide, ta kutsa ƙasa da tocila,
ta ja tef daga tayar gaba zuwa ta baya,
ta sake ja, ta fito da baƙin mai a goshi:
"Baffa, hagu ya ɗara dama da yatsa biyu."

Na nemi jarka na zauna.
Gide bai taɓa yarda da tef ba.
Da taƙi muka auna,
shi ya yi hagu, ni na yi dama,
ba wanda ya tuna hannunsa ya fi nawa.

Shitu ya ce, "A yanke shasin a daidaita,
kafin la'asar mun gama."
Na ce, tela ba ya rage kafaɗar mutum
don riga ta zauna.
A yanka rigar.

Giranda ta yi kuka har maƙwabta suka leƙo.
Aka ɗauke wuta. Muka aro janareton mai markaɗe.
Muka huda sababbin ramuka uku,
muka jera washa inda ƙarfe ya ƙi kai wa ƙarfe,
muka yanka tsohuwar taya muka cusa tsakani
don kada su riƙa zage-zage a kan gargada.
Bonet ya taɓo murfin lagireto,
Shitu ya ba shi guduma daga ciki,
ya fito da ɗan ƙusumbi. Na ce a bar shi.
Ƙofar dama tana rufuwa da yatsa.
Ta hagu sai an haɗa da kwankwaso.

Ana kiran magariba na murɗa makulli.
Ta yi tari. Ta yi shiru. Ta sake tari,
sannan ta ɗauka,
duk jikin yana rawa amma ba abin da ya faɗi.
Barira ta haye kan bencin da muka ɗaure,
na sa giya, muka gangara daga inuwa
zuwa ƙofar garka.

Nan muka tsaya.
Sabuwar riga ta fi ƙofar faɗi.
Barira ta sauka ta auna da hannunta:
taƙi ɗaya, har da ɗoriya.
Shitu ya yi dariya har ya riƙe bango.

Gobe za mu fasa katanga, in Inna ta yarda.
Yau dai ta kwana da sutura.
Kaji na ta zagaya ta a duhu,
sun rasa ta inda ake shiga.